Matar da Ta Ƙi Karɓar Makulli

Ƙarfe shida da rabi take buɗe ɗakin gwaje-gwaje, ko da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Ta ɗora kofi, ta wanke kwalabe, sannan ta bi durowoyin ɗalibai arba'in ɗin nan tana jijjiga su ɗaya bayan ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ke nan Darlene Hruska tana wannan aiki a 'yar kwalejinmu mai karatun shekara biyu, nan tsakiyar tuddan yashin Nebraska. Ba farfesa ba ce, ba kuma hotonta a bango. Juma'ar nan za ta yi ritaya.

Ni mai raba wasiƙu ce a gidajen gona, don haka abin da zan faɗa gani na yi, ba ji ba.

Kowane ɗalibin kimiyya ana ba shi durowar kayan gwaji da makulli. Mai barin karatu sai ya mayar da makullin, Darlene ta sa hannu a takarda, sannan ofis ya soke tallafin karatunsa. In ba ta sa hannu ba, tallafi yana nan. 'Ya'yanmu kuwa, da babu wanda ya taɓa taka kwaleji a gidajensu, ba su iya kai kuka ba. In abu ya sha musu kai sai su sulale, kunya ta hana su ko sallama.

Haka Tessa Vavra ta yi. A watan Maris, shanu ɗari biyu na tsaka da haihuwa, saniya ta shuri mahaifinta Merle ta karya masa ƙugu. Tessa ta sa makulli a ambulan ta miƙo mini, idonta jawur. Na kai. Washegari Darlene ta miƙo mini wata ambulan, na ji makullin a ciki. Sau biyu ina kaiwa ina komowa da shi, har na soma jin haushin su biyun.

A zuwa na uku na tarar da shugaban sashe tsaye a kanta.

"Darlene, ki sa hannu mu rufe maganar nan. Yaran ƙauyen nan dama ba sa gamawa."

"Ƙa'ida ta ce ɗalibi ya kawo makulli da hannunsa. Ku kuka rubuta, ba ni ba."

"To zan kai ki gaba."

"Bismillah. Ka ja mini ƙofa in ka fita, sanyi na shigowa."

Da safiyar Asabar na kai wa Merle maganinsa, sai ga motar Darlene a ƙofar gida. Yana kan kujera yana huci, Tessa na gefe da takalmin roba duk kashin shanu.

"Malama, mu ba mabarata ba ne," in ji shi. "Shanu ma ba ruwansu da kimiyya."

"Haba Merle! Bara da maruƙanka suka yi ta mutuwa, birni ka aika ruwan rijiyarka, ka zauna mako uku kana jiran amsa. Ga mai aunawa nan a gidanka kana neman ɗaure ta a garke."

"To wa zai janyo mini maraƙi in ya maƙale? Ke?"

"Ni mana. A garke aka haife ni kafin ka iya hawa doki."

Ta tuɓe rigar sanyi ta naɗe hannu. Ba ita kaɗai ta zo ba ashe, tsofaffin ɗalibanta shida ta kira, suka raba kwanakin kula da shanun a tsakaninsu. Ta ajiye makullin a kan tebur. Tessa ta daɗe tana kallon makullin, sannan ta ce, "Baba, ina so in koma." Merle ya kawar da kai, ya ce ta duba tayar mota tukuna, ta baya ta yi sanyi.

Yau Tessa ce ke auna ruwa da jinin dabbobi a gundumarmu. Merle kuwa ya ishe mu da "'yata ta ce".

Darlene, ke ce ƙyauren da ba ya buɗuwa ga mai gudu. Ke ce kika buɗe ɗakin nan Asabar takwas a jere don Tessa ta rama darussan da suka wuce ta, ba wanda ya ce miki sannu. An kira ki mai taurin kai, an rubuta miki gargaɗi sau biyu, ko gezau ba ki yi ba. Masu cewa 'ya'yanmu ba sa gamawa, su zo in zagaya da su asibiti da makaranta su ƙirga da idonsu.

Yanzu na ji an soke takardar nan. Wai yaro zai danna waya kawai, shi ke nan ya bar karatu, tallafi ya tafi. Raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye ba. Kuɗin tallafi ba shi da ƙafa, ba ya tuƙa mil saba'in ya je ya yi faɗa da uban yarinya. Sai mutum. Malamai, maƙwabta, masu shago, in kun ga ɗan wani ya kwana biyu bai kama hanyar kwaleji ba, ku ƙwanƙwasa ƙofa ku tambaya, ko da za a ce kun cika shisshigi.

Mun gode, Darlene. Ranar Juma'a za su ce ki mayar da naki makullin. Ina ba ki shawara ki kai da hannunki, domin in kika kuskura kika sa shi a ambulan kika miƙo mini, wallahi washegari zan dawo miki da shi.