Sunan da Ɗanasabe Mai Shela Yake Tsallakewa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa tsakanin Gazawa da Agye ya san muryar Ɗanasabe, ko da bai san fuskarsa ba. Fuskar ma ba wani abin sani ba ce. Ɗan tsamurmurin mutum ne mai gajeren gemu, in ya hau motonsa, wato babur, amsa-kuwwar da ya ɗaure a baya ta fi shi cika hanya. Amma murya kam, Allah Ya ba shi. In ya ce "Jama'a, a saurara!" har masu awon gero kan tsaya da tiya a hannu.

Shela gadonta ya yi. Ubansa sankira ne a ƙofar maigari, da baki kawai yake yi, shi kuwa Ɗanasabe ya zo zamanin batir. Da damina manomi ne kamar kowa, gero da wake da 'yar gyaɗa. Da an kai amfani rumbu sai wasanni su tashi a Maraɗi, masu shirya su kuma su dame shi da kira a salula: kokowa a babban fili, masu gurmi da kalangu a gidan matasa, 'yan kama, gasar waƙa ta 'yan lakol, wato 'yan makaranta. Rediyo na faɗi, ana turawa a waya, amma mutumin ƙauye ba ya kama hanyar Maraɗi sai ya ji daga bakin wanda zai iya tsarewa a kasuwa in abin ya zama ƙarya.

Abin da ya sa ake sonsa, ba ya tsallake suna. In ɗan kokowa ne zai faɗe shi da ubansa da garinsu, makaɗi da 'yan amshinsa, har mai ɗaukar ganga sai ya ji sunansa ya fita. Yakan ce wanda ya yi gumi a faɗe shi, ai baki ba ya ƙarewa.

Suna ɗaya ne bai taɓa fitowa daga bakinsa ba, na ɗiyarsa ta fari, Hamdiya. Ba faɗa suka yi ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, wadda ya taras ubansa na yi masa. Da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta. In zai kira ta sai ya ce "Ke", in zai yi maganarta ya ce "ta wajen Inna". Matarsa Baturiya ma ta fi shi tsanani, ita ko kallon yarinyar ba ta yi gaban mutane. Hamdiya ta tashi a haka, kuma bai dame ta ba, don ta san wanda ke sayen takalmin da kakarta ke miƙo mata.

Ta yi karatu, ta zama malamar lakol nan Gazawa, ta yi aure. Sai ta shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta malamai da matasan gari. Tsohuwa mai ƙosai take fitowa, mafaɗaciya, wadda ta hana 'ya'yanta raba gonar gado. Kai, yarinyar nan ta iya! Ɗanasabe da kansa ya taɓa laɓewa bayan katangar lakol yana leƙe, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya goge ido ya hau motonsa kamar wucewa yake. Alfahari yake da ita ƙwarai, bai dai gaya wa kowa ba.

Bana aka shirya makon wasanni a Maraɗi bayan kaka. Gidan Rumji za ta kawo ƙungiyarta, Agye ta kawo tata, Gazawa ma haka, wadda ta ci ita za a kai Yamai. Akwai alƙalan gasa, amma alƙali ma kunne gare shi. Ƙungiyar da mutanen garinsu suka cika benci suna guɗa, da wuya ta koma hannu wofi. Don haka matan Gazawa suka yi magana da Muttaka direba zai kwashe su a motarsa ran wasan.

Aka ba Ɗanasabe shela. Ya zaga kasuwanni ya faɗi komai: kokowa da hantsi, masu gurmi bayan azahar, wasan kwaikwayo da la'asar. Ya zo kan 'yan Gazawa ya jero su ɗaya bayan ɗaya, har mai ja musu labule. Da ya iso kan mai ƙosai sai ya ce, "Da kuma wata," ya wuce.

Tsofaffi sun gane, suka yi murmushi. Amma yaran yanzu, masu ɗaukar hoton ɗan farinsu suna yaɗawa a waya tun bai yi kwana bakwai ba, ina za su gane? Suka ce mutumin da ke faɗin mai ɗaukar ganga ya tsallake ɗiyarsa, lalle bai yarda da wasan ba. Daga rijiya zuwa injin niƙa maganar ta yi ƙiba, ta koma wai ya yi mata baki. Mata suka fara janyewa, don ba mai son zuwa yi wa ɗiyar da ubanta ya yi fushi da ita guɗa. Muttaka ne ya tare shi a tasha ya ce, "Malam Ɗanasabe, ka kashe mini lodi. Mata sun fasa."

Ranar da 'yan wasa za su wuce Maraɗi don gwaji, Hamdiya ta biyo ta gida. Ta tarar da shi a zaure yana gyaran wayar amsa-kuwwa, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, cewa ake ka yi mini baki."

"Ni? Wane maras aikin yi ya faɗi haka?"

"Gari ne ya faɗa. In ba ka son in yi, ka gaya mini in zauna."

"Na ce ba ni so?"

"Ba ka ce komai ba, Baba. Shi ne abin."

Baturiya ta ɗago murya daga madafa. "Ke, tashi ki ba mutane wuri! So kike ubanki ya zama abin dariya da furfurarsa?" Hamdiya ta tashi, ta yi sallama ta tafi. Ɗanasabe ya bi ta da ido, ransa ya ɓaci.

Ya nemi dabara. Ya je wurin amininsa Yahuza mahauci, ya ce in ya zo wurin sunan zai miƙa masa amsa-kuwwa shi ya faɗa. Yahuza ya ajiye wuƙa ya ce, "Haba Ɗanasabe! In ni na faɗa ai ka tabbatar musu ke nan. Wanda ya ɗaure akuya shi ke kwance ta."

Ran kasuwar Gazawa ta ƙarshe kafin wasan, ya tsaya inda ya saba, tsakanin 'yan gero da 'yan tumatir. Ya faɗi kokowa, ya faɗi masu gurmi, ya jero 'yan wasa. Da ya zo kan mai ƙosai sai ya tsaya, kasuwa ta yi tsit tana kallonsa. Ya faɗi sunan, amma can ƙasan maƙoshi, amsa-kuwwar ma ba ta ɗauka ba.

Wata tsohuwa mai daddawa, wadda ta san sarai abin da ke damunsa, ta ce, "Ba mu ji ba, Ɗanasabe! Batir ne ya mutu?"

Ya runtse ido ya ce, "Hamdiya! Hamdiya Ɗanasabe, ɗiyata ta fari. Na sa mata albarka. Wanda bai je Maraɗi ya gan ta ba, shi ya so."

Tsofaffi suka kama baki suna salati, mata suka rangaɗa guɗa. Shi kuwa ya kashe amsa-kuwwa, ya tada moto ya bar kasuwar, ko cefane bai yi ba. Baturiya ta yini ba ta yi masa magana ba. Ran wasan sai da Muttaka ya nemo mota ta biyu.

Gazawa ba ta ci ba, Gidan Rumji aka kai Yamai. Amma an yi guɗa har alƙalai suka toshe kunne, kuma ba a sake jin zancen baki ba.

Sai dai ita Hamdiya tana Maraɗi wajen gwaji ranar kasuwar nan. Duk Gazawa ta ji, ban da ita. Da ta dawo ta zo zaure ta durƙusa, ta daɗe tana murza bakin gyale, sannan ta ce, "Baba, an ce ka faɗa. Ni ban ji ba."

Ɗanasabe ya dubi ƙasa, ya buɗe baki, ya rufe. Can ya ce, "Ke, kawo mini ruwa."

Ta kawo masa. Yana nan yana shela har yau, kuma bai sake faɗin sunan ba.