Makubar Kawu Sahabi

Duk faɗin Gummi, ni kaɗai na taɓa sa Kawu Sahabi magini ya sauya ra'ayi. Ku da kuka zauna da shi kun san tura jaki cikin kwalekwale ya fi wannan sauƙi.

Kawu ƙanen Inna ne, kuma bai taɓa fita gida ba tare da ƙullin makuba a aljihu ba, wato garin kwasfar ɗorawa da magabata ke shafe katanga da shi. Ko ɗaurin aure ya je, sai ya shafa bangon masu gida ya girgiza kai ya ce, "Gini ba makuba, miya ce ba gishiri."

Da gwiwoyin Inna suka fara ciwo, na yi mata banɗaki a jikin ɗakinta. Don burga, na sayo tayil ɗin ƙasa, manya, kowanne ya kusa dutsen niƙa nauyi, na ce a bango nake son su. Inna kuwa a zaune take wanka, a kan 'yar kujera, daidai gindin bangon. Mai shago ya gargaɗe ni cewa irin wannan tayil ba ya kama filasta da siminti tsura, sai da gam ɗin tayil. Na isar da saƙo.

Kawu ya ce, "Gam? Garba, takalmi za mu liƙawa?"

Ya jiƙa su a baho kamar yadda ake yi wa ƙananan tayil na bango. Aka kwana, aka wuni, aka sake kwana, ko ɗigo ba su sha ba. Ya ɗaga ɗaya ya duba bayansa.

"Wanga azumi shikai. A bar shi da ladarshi."

Ya kwaɓa siminti, ya barbaɗa makuba, ya manna. Kafin ya juya, tayil ya fara zamowa a hankali kamar mai gyangyaɗi a sahun baya. Kawu bai daddara ba. Ya bi unguwa gida-gida ya aro taɓare, ya tokare kowane tayil da taɓarya ɗaya. Ranar nan babu matar da ta kirɓa fura daga gidanmu har bakin fadama.

Da la'asar mata suka yi cincirindo a ƙofa, kowacce ta zare tata ta tafi. Ba a jima ba muka ji tim. Na sama ya faɗo ya raba butar Inna biyu. Kawu ya dube shi da tausayi.

"Ɗan ƙasa ne, gida yak koma."

Inna ta leƙo, riƙe da sanda. "Sahabi, in yab biyo ta bisa kaina zuwa gidan hwa? Ba ni shiga wanga ɗaki. Ka maishe ni tsohon bayina, ko da rarrahe."

Da safe Kawu ya hau babur har Anka, don kada idon Gummi ya gan shi a shagon gam. Ya dawo da kaya naɗe cikin buhun shinkafa, ya shige banɗaki ya turo ƙofa. Ta kafar ƙyaure na ga ya kankare simintin jiya, ya sassare filasta, ya kwaɓa gam, sannan ya zaro ƙullinsa ya barbaɗa ɗan kaɗan da bisimilla, ya manna tayil ɗin. Da ya bushe, ya zauna a kujerar Inna yana dukan bangon da tafin hannu, sai da ya gamsu ya kira ta.

"Kin gani? Makuba ce tay yi kaɗan jiya."

Har yau ko ɗaya bai motsa ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya sa tsoron da ya ji wa kan 'yar'uwarsa ya zame masa inuwa ranar gobe.

A ciwonsa na ƙarshe na je gaishe shi, na ce, "Kawu, yanzu dai ka yarda ni na kawo shawarar gam."

Ya buɗe ido ɗaya. "Garba, da surutu na liƙa tayil, da tuni ka manne Gummi da Bukkuyum."