Tafkin Alhaji da tumakin unguwa

Har gobe ban manta da ranar da na kama Malam Sale ba. Na yi aikin kula da wuraren ninƙaya a otal-otal na Jidda da Abijan da Legas, amma a Kankia, garinmu, bayan na yi ritaya, ruwa ya kusa zubar min da mutunci.

Wani Alhaji ɗan kasuwa ya gina tafkin ninƙaya a bayan gidansa. Da bazara ta shigo, ruwan ya koma kore shar. Ya kira ni ya ce jikokinsa na tafe hutu, in bai gyaru ba zai ɗauko yaran Kano masu gyaran tafki.

Aikin ba baƙo ba ne. Gansakuka ce ke kore ruwa, kulorin ke kashe ta. Sai ka goge bango, ka zuba magani da yawa a tashin farko, ka bar injin tacewa yana aiki. Daga nan kullum da yamma a ƙara kaɗan, don rana na cinye shi. Wannan ƙarin na damƙa wa Malam Sale, maigadin gidan, dattijo mutumin Dudunni.

Ruwa ya yi garau. Na dawo bayan mako, kore. Na tsoma takardar awo, ko ɗigon kulorin babu. Na sake gyarawa, ya sake komawa. Na zargi injin, na zagi mai sayar da maganin a Katsina. Alhaji kuwa ya fara ce min, “Ashe haka ake yi a Jiddar?”

Rannan na zo da hantsi ban sanar ba. Ƙofar baya a buɗe, mutanen unguwa sun jera jarkoki, Malam Sale na ɗibar musu da bokiti. Ga buhun kulorin a ɗaure, kusan yadda na bar shi.

“Malam Sale, mene ne wannan?”

“Famfon unguwa ya lalace, Yallaɓai. Tumaki suke ba.”

“Maganin fa?”

“Na zuba sau ɗaya, dabbobi suka ƙi sha. Mi kake so in yi, in kashe wa mutane bisashe?”

“To da ka hana su ɗiba!”

Ya dube ni kamar na yi saɓo. “Ruwa? Ga shi a kwance?”

Na yi masa bayani da Hausa, na ƙarasa da Faransanci don haushi. Bai motsa ba. Dole na je na faɗa wa mai gida cewa ko yaran Kano ya kawo, tafkinsa ba zai yi shuɗi ba sai ya ja wa mutanen unguwa bututu daga bohol ɗinsa zuwa waje. Ya yi ta mita, amma ya ja. Jikoki suka tarar da ruwa garau.

Ku masu tasowa, a Jidda awon ruwa kawai aka koya min. A nan, kafin ku buɗe buhun magani, ku zagaya bayan katanga ku ga ko famfon maƙwabta na kawo ruwa.