Ƙarfen da Aka Ciro Daga Ƙafata

Shekara biyu ban rubuta komai a nan ba. Masu tambaya ko lafiya, ga amsarku.

Ni da Malama Rahila makaranta ɗaya muke koyarwa a Girei, keke ɗaya muke shiga daga Karewa. Wata Talata da safe, muna sauka daga gada, tifar yashi ta kwashe mu. Ita ce a gefen titi. Ba ta kai asibiti ba.

Ni ƙwaurina ne ya karye gida biyu. Hoto, ƙarin jini, tiyata. Aka riƙe ƙashin da ƙarfe da kusoshi shida. Wata uku ina dogara sanda.

Ƙafa ta warke, 'yan dubiya suka watse.

Amma in na ji ƙarar babbar mota, sai gumi ya jiƙa ni. Sau uku ina shirin aiki, ina isa bakin gada in ce wa mai keke ya juya. Abinci ya fita raina. Aka gwada maleriya, taifot, hawan jini, babu komai. Takardar gargaɗi ta zo daga wurin aiki, na karanta, ban ji komai ba.

Maƙwabciyarmu Adda Mairo ce ta tare mijina. "Baban Joy, wannan ba ciwon ƙafa ba ne. Kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa."

"Adda, matata ba ta haukace ba."

"Wa ya ce ta haukace? Kai ta dai."

Daga ƙarshe ya kai ni. Likitar ta ce firgici ne da kan biyo bayan tashin hankali, kuma yana da magani. Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce in riƙa zuwa duk Alhamis muna magana. Alhamis biyar ina kallon fanka. Sunan Rahila ya ƙi fita.

Da aka ciro ƙarfen ƙafar, na roƙa aka ba ni. Na kai wa Bappa Umaru, tsohon maƙerin da ke gyaran 'yan kunne a Nassarawo, na ce munduwa nake so.

Ya jujjuya shi. "Wutata ba ta narkar da wannan, sai dai lanƙwasa." Ya miƙo min guduma. "A jikinki ya zauna, ke za ki buga."

Kwana huɗu ina bugu. Ta fito a karkace, da ramukan kusoshinta. Haka na sa ta.

Ranar Alhamis likita ta nuna hannuna ta ce, "Mene ne wannan?"

Na fara da ƙarfe, na ƙare da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: ranar hatsarin, ni na ce wa Rahila mu yi musayar wurin zama, rana na dukana.

Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Inuwa kika nema, Malama. Ba ke ke tuƙa tifar ba."

Bayan wata biyu na ƙetare gada, Adda Mairo na riƙe da hannuna. Na koma aji. Har yanzu ina shan magani. Duk Asabar ina wurin Bappa, ina koyon ƙera zobe da sarƙa na tagulla. Abin da bakina ya kasa, nakan fara buga shi a ƙarfe.

Na gode wa Allah, da likitata, da Adda, da Bappa, da mijina da ya sauko daga musunsa.

In naku ya tashi daga hatsari, kada ku tsaya a duba rauni. Ku lura da cinsa da barcinsa. Ku kai shi asibiti da wuri, kada ya yanke magani da kansa. In ya kasa magana, ku ba hannunsa aiki.

In kun gan ni da munduwar, kuna iya tambaya. Yanzu ina amsawa.