Garin Katako da Shanyar Kuɓewa

Ban koyi aikin kafinta a wurin kowa ba, sha'awa ce kawai. Bayan na gama jami'a na samu aikin ofis a cikin gari, sai na kama haya a Orozo domin can ne ƙarfina ya kai. Gidan yana da wani ɗan ɗaki a baya, a nan na ajiye injin yanka katako, irin mai tebur wanda zarton ke leƙowa ta tsakiya. Na hannu ne, a kasuwar Dei-Dei na samo shi. Ina ɗan yin kanta da benci ranakun Asabar da Lahadi, idan an kawo wuta.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne garin katako. Mai kaurin yana zuba a ƙarƙashin tebur, tsintsiya ta ishe shi. Mai laushin kuwa tashi yake kamar hayaƙi, ya bi ta ƙofa, ya sauka a kan kwanuka da zanin gado. Matata tana da asma tun ƙuruciya. Ba ta taɓa cewa in daina ba, amma ina ganinta tana fita waje da hannu a ƙirji duk lokacin da na kunna injin.

Sai na rufe ƙasan teburin da falanki, na jona bututu da wata fanka mai zuƙar iska, na ɗaura buhu a bakin bututun. Buhun ya riƙe mai kauri, mai laushin ya ratsa ya fito. Daga nan na huda bango na fitar da bututun waje. Na duba wurin kafin in huda, ko dai in ce na leƙa. Wani ɗan fili ne tsakanin bangona da gidan baya, kuma ranar ba komai a cikinsa. Matata ta samu sauƙi, ni ma na ɗauka an gama.

Ashe filin wurin shanyar maƙwabciyarmu ne, wata dattijuwa 'yar Filato da kowa ke kira Mama. Tana yanka kuɓewa ta shanya a kan leda, ta daka, ta kai kasuwar Karu. Da wannan take riƙe kanta.

Wata Asabar ta yi sallama da kwanon dakakkiyar kuɓewa a hannu.

"Ɗana, kai da ka yi boko, duba mini wannan. Wani mata a Karu ta ce kuɓewana ba ya yauƙi. Wai na haɗa da gari. Ni! A tsufana zan fara algus?"

Na sa yatsa na murza. Ba zan iya rantsewa ba, domin dakakkiyar kuɓewa da garin katako kusan launinsu ɗaya, amma na ji ƙamshin katakon da nake ji a rigata. Na kai ta bayan ɗakin na nuna mata bututun. Na ce mai yiwuwa daga nan ne, ko da yake ban tabbata ba.

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yi dariya. "Oga kafinta! Watau benci nake ba mutane su yi miya."

Da ta yi faɗa, ina jin da na fi samun sauƙi. Muka shirya cewa in an kawo wuta zan ɗaga murya ta kan katanga, ita kuma ta rufe shanyarta da zani. Haka muka yi ta yi. "Mama, an kawo!" Sai ta amsa, "To, bari in rufe 'ya'yana." Sai dai wutar unguwarmu ta fi zuwa da tsakar rana, daidai lokacin da kuɓewa ke bukatar rana. Ranar Lahadi kuma tana coci har bayan azahar, don haka ni nake zagayawa in rufe mata. Kuɓewar da ta wuni a rufe ba ta bushewa da kyau, wani lokaci har ta yi baƙi.

Na gwada dabara. Na tsoma bakin bututun a duro mai ruwa, ko ruwan zai kama garin. Fankar ta rasa ƙarfin turawa, garin ya dawo ɗaki, matata ta wuni tana tari. Na mayar da bututun inda yake. Na san akwai wata mafita, wato in sayar da injin. Na yi wannan maganar da kaina sau da yawa, har na taɓa yi wa wani tayi, amma da ya ce zai zo ya gani sai na ce masa ina tafiya.

Mama ce ta yanke shawara. Ta tare ni wata safiya zan fita aiki.

"Ɗana, ka yi mini tsani. Zan koma shanya a kan rufin kwano, can iska mai kyau ne, awaki ma ba su kaiwa."

Na ce, "Mama, da gwiwar nan taki?"

"Gwiwan nawa ne ko naka? Kai dai ka yi mai ƙarfi, kada ka yi mini irin na 'yan boko."

Na zaɓi katako mafi kyau da nake da shi. Na matso da matakan kusa da juna, na goge kowanne don kada sartse ya shige ta, na yi mata wurin dafawa a sama. Ranar da na yanka katakon ma sai da ta rufe shanyarta.

Yanzu kuɓewarta tana yauƙi, matar nan ta Karu ma ta dawo saye. Duk wanda ya zo gidanta sai ta nuna masa tsanin ta ce ɗanta ne ya yi mata. Da safe nakan ji ƙarar kwano in ta hau, ƙafa ɗaya sannan ta jawo ɗayar, da buhu a kafaɗa. In ina gida nakan zagaya in riƙe mata ƙasan tsanin. Ranakun aiki kuwa ina barin gida kafin ta hau.