Dutsen Waigi a Shingen Kawu

Mun tashi da asuba daga Samaru, ni da ƙanena da direban a-kori-kurar da muka ɗauka shata, kuma tun kafin mu wuce Palladan gabana yake faɗuwa. Inna ce ta aike mu. Saniya ɗaya ta rage mata cikin shanun da marigayi Baba ya bari, sauran kuwa ɓarayi sun kore su, ga saniyar da tsohon ciki. Tana hannun Kawu, yayan Inna, a wani ƙauye can bayan Shika. Da damina ta yi nisa taɓo ya fara cin kofaton dabbobi, sai ya mayar da garken kan dutse, ya aiko a kawo masa itacen ƙara shinge, don masu gawayi sun cinye na dajinsu.

A Sabon Gari sai da muka jira masu itace suka buɗe. Muka sha koko da ƙosai a tsaye. Ƙosan yanzu, jama'a, ka jefa biyu a baki ka rasa inda suka shiga. Mai itacen wani dattijon Ibo ne haifaffen unguwar, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya zaɓo mana gwafanni, wato sandunan nan masu baki biyu, da dogaye na gicciye, da igiya. Farashin kam ba zan faɗa ba, kada Inna ta ji.

Muna barin kwalta hira ta mutu. Masara hagu da dama ta fi motar tsayi, ba ka ganin abin da ke ciki. Duk babur ɗin da ya biyo mu sai na ɗauka ɗan fashi ne, sai ya wuce na ga ashe buhun taki ya ɗauko. Ƙanena, mai cika bakin nan a gida, carbi yake ja.

Wajen hantsi muka isa. Falalen dutse ne mai gangara, ƙarshensa kwazazzabo, wanda na leƙa sau ɗaya jiri ya kwashe ni. A nan na ga shingen da babu sanda ko ɗaya da aka kafa a ƙasa, don ina za a haƙa? Gwafa biyu ake haɗa wa kai, a ware ƙafafunsu, a gitta doguwar sanda, a ɗaure tam, sannan a danne gindin kowace da ƙaton dutse. Kawu ya ce mana duwatsun nan su ke riƙe da komai. Direba bai ji ba, yana can yana fama da motarsa, wai birkin hannu ya daɗe da mutuwa. Ya yi abin da kowane direba zai yi, ya waiga ya nemi dutsen waigi da zai tokare taya. Mafi kusa da shi kuwa na kusurwar shinge ne, ta ɓangaren kwazazzabon, shi ya ɗauke ba wanda ya lura.

Muna sauke kaya na ji ƙiiii. Saniyar Inna ce ta zo ta jingina tana susar gefenta a daidai kusurwar, shingen kuma ya fara kwantawa da ita waje. Ban san lokacin da na ruga ba. Sai ganina na yi ta bayan shinge, kafaɗata a ƙarƙashin sandar, diddigena a bakin ramin. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Takalmin roba yana zamewa, ita ko baiwar Allah susarta kawai take, daɗi ma take ji.

Direba ya sunkuya zai zare dutsen daga ƙarƙashin taya, Kawu ya tsayar da shi a hankali.

"Ka cire shi motar ta gangaro kansu. Shiga ka taka birki, kada ka ɗaga."

Ya shiga ya taka. Ƙanena ya rungumo dutsen yana nishi, ya nufi kusurwar da shi. Kawu ya hana kowa ɗaga murya kada saniyar ta firgita, ya ɗebo kanwa a tafin hannu yana kiranta ƙasa-ƙasa. Ni dai kalmar shahada nake maimaitawa, ina tunanin wa zai je ya gaya wa Inna, kuma da wanne zai fara, ɗanta ko saniyarta. Can ta ɗago kai, ta shinshina, ta taka zuwa wurinsa. Nauyin ya bar kafaɗata. Da rarrafe na dawo.

Fura da nonon da aka dama mana ban ji ɗanɗanonsu ba. Muka ɗaure sababbin gwafanni, kowane dutse na danna sai na sake dannawa. A hanyar dawowa ko ta masarar ban bi ba, tsorona ya ƙare a can.

Da la'asar muka shigo Samaru. Inna tana zaure tana jira, ta tambayi saniyarta, na ce lafiya lau, har kanwa ta lasa. Ta daɗe tana kallon kafaɗar rigata da ta yage, sannan ta tashi ta ɗora ruwan zafi.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Yanzu in na ga dutse a ajiye, ko a ƙofar shago ne, ba na taɓa shi sai na tambayi abin da yake riƙe da shi.