Neman Sunan Kaka a Gindin Jirgin Yaƙi

Thamesmead

Ƙarfe shida da kwata na asuba Kawu Isa ya tsaya a bakin flat ɗina da babbar riga, sai ka ce Kano za mu. Ganin likita ya zo nan ƙasar Turawa, amma ya rantse ba zai koma Kano ba sai ya ga sunan mahaifinsa a rubuce a gidan tarihin jirage. Kakan nawa makanikin jiragen Turawa ne a Kano lokacin yaƙin duniya na biyu. Wata safiya aka ɗauke shi gwajin inji a jirgin bama-bamai, jirgin ya faɗi da su bayan gari. A lokacin kakata tana da cikin Kawu.

Bas ta makara minti goma sha takwas. "Ina cika alkawarin Nasaran?" in ji Kawu. Na ce ya mutu tare da Sarauniya.

Hanya

Muka kama jirgin ƙasa a Abbey Wood, aka yi cancel ɗin na gaba, muka koma tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Shayi fam uku, ruwan zafi ne da aka nuna wa ganye daga nesa. Kawu ya kurɓa ya ce Allah ya isa.

Gidan tarihin jirage

Goma saura muka isa, ranar tunawa da matattun yaƙi ce. Ga wani jirgin bama-bamai irin wanda ya faɗi da kakana, baƙi ƙirin, an goge shi yana sheƙi. Lambarsa, nauyinsa, har ranar da aka sake masa taya, duk an rubuta. Lallai ƙarfe ya yi gata.

Wani dattijo mai kula da kundi ya duba mana. Ya samo hatsarin: Turawa biyar, kowa da sunansa da garinsu. A ƙasa aka ƙara, "da wani ɗan ƙasa guda." Kunnuwan dattijon suka yi ja, ya ce sorry har sau uku. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Sha ɗaya daidai aka ce kowa ya yi shiru na minti biyu. Kawu ya matso kunnena.

"Kakarki har ta rasu ba ta taɓa kiran sunansa ba, don kunya. Su kuma ba su rubuta ba. Yanzu kuma shiru za a ƙara masa?"

"Kawu, don Allah..."

Ina! Ya ɗaga murya: "Garba ɗan Mamman, na Fagge! Allah ya jiƙanka!" Ya shafa fatiha. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da aka gama, dattijon nan ya zo da biro, ya roƙi Kawu ya maimaita a hankali.

Gida

Huɗu da rabi muka dawo, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Kawu ya ƙi cin tuwo sai da ya zaunar da 'ya'yana, waɗanda in an yi musu Hausa sai su amsa da Turanci, kowa ya faɗi sunan sau uku.